Murfin Kwalbar Gyaɗa

"Auta, sati uku fa ya rage! Sati uku!"

"Na ji. Ai ni ba kurma ba ce."

"Kin ji, amma kin ƙi cewa komai..."

Ta juya masa baya ta ci gaba da ɓare ayaba. Yana tsaye a ƙofar kicin da tawul a kafaɗa, gumi na bin goshinsa. Daga tsakar gida kuwa ana jiyo numfashin Baba sama-sama, yanzu aka gama motsa jikin safe.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, asibiti suka haɗa su da wannan saurayi mai koyar da motsa jiki. Kullum da safe sai ya zo ya riƙe hannun Baba yana ƙirga, "Ɗaya... biyu... ɗaya... biyu," har Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da su, ta raɗa masa suna Ɗaya-Biyu. Sunan ya bi shi. Zuciyar Auta ma ta bi shi, ba tare da ta yi shawara da kowa ba.

Yanzu ga shi an ba shi aiki a wani asibiti mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Baba ya daɗe da sa wa maganar aurensu albarka. Amarya ce kawai take ta jan ƙafa.

"Masoyiyata, dube ni mana," ya ce a hankali. "Ba na son in tafi ni kaɗai."

"In na bi ka, wa zai haɗa wa Baba abin shansa?"

"Gwaggo tana nan."

"Gwaggo? Wadda ta zuba dabino da ƙwallonsa, bilenda ta yi ƙara kamar za ta tashi sama?"

"Ina jin ki, marar kunya!" Gwaggo ta ɗaga murya daga ɗaki. "Sau ɗaya ne tak, kin mai da shi waƙa!"

Ɗaya-Biyu ya yi dariya, amma Auta ko murmushi ba ta yi ba. Ta jawo bilenda ta fara zubawa: madara kofi ɗaya, yogot rabin kofi, ayaba ɗaya wadda ta nuna sosai, garin waken suya cokali biyu, dabino uku da aka cire wa ƙwallo, ɗan zuma. Sannan ta ɗauko kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ta sa tsumma ta murɗe murfin da ƙyar, ta ɗebi cokali biyu masu tudu.

Haɗin Mama ne wannan. A zamanin da Baba yake ɗaga ƙarfe a gasa, kafaɗunsa na cika ƙofa, haka Mama take tarbarsa da shi kafin gumin jikinsa ya bushe. Takan ce naman jiki in ya sha wahala, nan take yake neman abin da zai gina shi, kada a bar shi ya wuce rabin awa. Mama ta rasu shekara biyar da suka wuce, ta bar wa Auta bilenda da ma'aunin cokalinta.

Duk sanda Auta ta danna maɓallin, sai kicin ɗin ya canza mata. Hasken safiya ya ratso taga ya kwanta a kan tebur, madarar tana juyawa tana zama ruwan ƙasa-ƙasa, ita kuma sai ta ga kamar Mama ce tsaye a gefenta da mayafinta mai ruwan toka, tana lasar cokali tana cewa, "Ƙara zuma, babanki yaro ne." Minti ɗaya ne kacal a rana, amma a cikinsa gidansu yake komawa cikakke. Ta yaya za ta bar wannan minti ɗayan?

Ta kashe bilendar. Ta ɗaga kwalbar gyaɗar ta nuna wa Ɗaya-Biyu.

"Ka ga wannan? Ranar da Baba ya buɗe ta da hannunsa na dama, ya haɗa abin shansa da kansa, ranar zan ce maka to."

"Auta, wannan ai..."

"Na gama magana."

Ba su san Baba ya dogaro sandarsa ya iso bakin taga ba. Ya ji komai. Ya karɓi kofinsa da hannun hagu ya shanye, ya goge gashin bakinsa.

To, ga abin da Auta ba ta gaya wa kowa ba, har kanta ma ba ta so ta gaya wa. Tun daga ranar, in za ta rufe kwalbar nan sai ta naɗe murfin da tsumma, ta dafe ta a ƙirji, ta murɗa iya ƙarfinta har yatsunta su yi ja. Gobe ta ƙara a kan na jiya. In zuciyarta ta tambaye ta dalili, sai ta ce don kada iska ta shiga ne. Iska dai! Allah sarki Auta. Tana son saurayin nan kamar ranta, kuma tana tsoron ranar da za ta farka a wani gida ba ta ji tarin Baba ba.

A shagon ɗinkin da take aiki, sai ta tsinci kanta ta tsayar da keke tana kallon bango. Ta ga wani ɗan ƙaramin kicin mai labule fari, Ɗaya-Biyu ya dawo daga gudu yana haki, ita tana miƙa masa kofi mai sanyi. Sai kuma hoton ya juye, ta ga Baba zaune shi kaɗai da kwalba a cinya. Nan take idonta ya kawo ruwa, ta ce wa abokan aiki zare ne ya shiga.

Sati ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Ɗaya-Biyu ya daina tambayarta. Sai dai wata safiya ta ji yana cewa, "Baba, wannan damƙar fa? Ni ban koya maka wannan ba!" Baba ya ce, "Ƙirga abinka, yaro."

Ana saura kwana uku ya tafi, aka gama motsa jiki, Auta ta shiga kicin kamar kullum. Sai ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayanta.

"Matsa, Autata."

"Baba, me kake so in miƙo maka?"

"Na ce matsa."

Ta matsa. Ɗaya-Biyu ya tsaya a ƙofa, Gwaggo ta leƙo ta bayansa tana danne dariya da bakin mayafi. Baba ya jingine sandar, ya dafe kwalbar da hagu, ya ɗora hannun daman nan mai rawa a kan murfin. Auta ta ƙura wa murfin ido. Jiya ta ɗaure shi ɗaurin da ita kanta sai da tsumma za ta iya buɗewa.

Jijiyoyin wuyan Baba suka tashi. Ya ja numfashi irin na da, irin wanda yake ja kafin ya ɗaga ƙarfe.

Ƙyas! Murfin ya juya.

"Allahu Akbar!" in ji Ɗaya-Biyu. Gwaggo ta saki guɗa.

"Baba... yaushe... ta yaya?"

"Tambayi Gwaggonki."

"Kina fita shago yake shigowa nan," in ji Gwaggo. "Shi da kwalbar nan kokawa har azahar, ya hana ni taɓawa. Ya buɗe tun rana ta shida! Washegari ya tarar an ƙara ɗaurewa."

Auta ta rufe fuska da tafin hannu. Kunya ta kama ta har ƙafa.

"Kin zaci ban sani ba?" Baba ya ce yana murmushi. "Shekara ashirin ina ɗaga ƙarfe, yarinya. Wanda yake son ya yi ƙarfi, kullum ɗan ƙara masa nauyi ake yi. Ke kina ɗaurewa don in kasa, ni kuwa ina samun abin da nake nema. Duk cikin masu horar da ni ba a yi kamarki ba."

"Baba, ka yafe mini... tsoro nake ji. Ba na son in bar ka..."

"Na sani, Autata. Ni ma tsoron nake ji. Amma ban haife ki don ki tsufa a gaban bilenda ba."

Ya juya ya fara zubawa. Madara ta ɗan zube a tebur, ayabar ta kuɓuce masa sau biyu, ba wanda ya motsa don ya taimaka. Da ya zo kan zuma sai ya tuttula kusan ninki biyu. Ya danna maɓallin da babban yatsansa na dama, kicin ya cika da ƙara da hasken safiya.

Ya raba a kofi biyu, ya miƙa mata ɗaya, ya miƙa wa Ɗaya-Biyu ɗaya.

Ta kurɓa. Zaƙin ya yi yawa, daidai yadda Mama take yi. Sai kuka ya ƙwace mata, ta faɗa ƙirjin Baba, ya rungume ta da hannu biyu, karo na farko a shekara ɗaya da rabi.

"Sanyin idona," Ɗaya-Biyu ya ce, "har yanzu ina jiran amsa fa..."

Ta ɗago da jajayen idanu tana dariya cikin hawaye.

"To."

"Ban ji ba!" in ji Gwaggo.

"Na ce to!"

Ta share fuska, ta ɗauki murfin ta mayar a kan kwalbar, ta juya shi a hankali da yatsu biyu. Baba ya ɗauka ya gwada, ya ɓata rai.

"Haba, wannan ai raini ne. Ɗaure shi da kyau! Kuma duk wata ki zo ki ƙara ɗaure mini, kada hannun ya yi sanyi."

Auta ta ɗauko tsumman, hawaye na ɗiga a kansa, ta murɗa iya ƙarfinta.