Zakaran da Ya Ari Tafiyar Baba

"Ke Auta! Ina kika kai mini hulata mai ruwan toka?"

Baba ne ke kai da kawo a falo, yana jan ƙafarsa ta hagu kamar yadda ya saba. In ya yi taku uku sai ya tsaya, ya dafe ƙugu, ya yi gyaran murya. Mama ta leƙo daga kicin tana dariya. "Malam, hular nan tana kanka fa!"

Kowa ya yi dariya ban da Auta. Yau ne Baba zai je ya ga sana'ar Dogo, saurayin da ke neman aurenta. Wata uku ana fama da Baba, shi kuwa maganarsa ɗaya ce: ba zai ba da 'yarsa ga mai zana 'yartsana tana motsi a kwamfuta ba, sai ya gani da idonsa ko aikin mutunci ne. To ga shi yau masu yin katun na garin suna taronsu na wata-wata, kuma fim ɗin Dogo za a haska.

Abin da ke cin Auta a rai kuwa ita kaɗai ta san shi. Masu wannan sana'a suna da wata cuta, ba sa ganin mutum yana tafiya su ƙyale shi, sai sun bi shi da ido sun ƙirga takunsa. Ita ma a wurin taron ta koyi aikin, ta kwaso cutar. Da Dogo ya yi mata kukan cewa tsohon zakaran da ke cikin fim ɗinsa ba shi da rai, tafiyarsa kamar ta inji, sai ta laɓe a taga ta ɗauki Baba a waya ta baya, daga ƙugu zuwa ƙasa. Ta tura masa ta ce wani tsoho ne a layinsu. Dogo bai taɓa ganin Baba a tsaye ba, kullum a kujera yake samunsa in ya zo gaisuwa. Ita kuma ta lallashi kanta da cewa ai mutum ba ya sanin yadda bayansa yake.

A saman wani shagon buga takardu ake taron. Kujerun roba ne jere, wayoyin wuta sun sarƙe a ƙasa, an toshe tagogi da baƙin yadi saboda hasken rana. Samari da 'yan mata sai hayaniya suke, wannan na nuna yadda ya sa wuta ta tashi a tafin hannunsa a bidiyo, wancan ya ɗaura wani ƙaton tabarau na shiga duniyar kwamfuta da suke kira bi-ar, yana lalube a iska. Shugabar taron ta tarbi Baba da fara'a ta zaunar da shi a layin gaba.

"Baba, ko za ka gwada tabarau ɗin bi-ar?"

"Biyar? Ni ɗaya nake gani, 'yar nan."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Auta ta ɗan ji sanyi a ranta. Dogo yana can baya a kan kwamfuta, ko ɗagowa bai samu yi ba.

Aka kunna majigi. Sai ga tsohon zakara ya fito daga akurki yana jan ƙafar hagu. Taku uku, ya tsaya, ya dafe ƙugu da fiffike, ya yi gyaran murya. Ɗakin ya ɓarke da shewa! Wani ya ce, "Kai, Dogo, ka gama da mu! A maimaita!" Aka maimaita har sau biyu.

Baba bai yi dariya ba. A hankali ya miƙe ya nufi ƙofa ta tsakiyar kujeru, kuma ba shi da wata tafiyar da zai yi sai tasa. Taku uku, ya tsaya, ya dafe ƙugu. Dariyar ta soma mutuwa layi-layi har ɗakin ya yi tsit, ga zakara a bango yana ta yin abin da dattijon ke yi a ƙasa. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Dogo ya sha gabansa a bakin bene, ya durƙusa.

"Kai ka yi wannan?" in ji Baba.

Dogo ya dubi Auta sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni na zana, Baba. Ka yi haƙuri."

"Na gode. Na ga sana'ar. Kada ƙafarka ta sake taka gidana."

Kwana tara gidan ba daɗi. Baba ya daina fita sai dole, in zai wuce tsakar gida sai ya duba ko akwai mai kallonsa. Wannan ya fi komai ƙona ran Auta. Dogo ya cire fim ɗin daga ko'ina, saƙo ɗaya kawai ya turo mata: "Ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai ji daga bakina." Ita kuwa baiwar Allah ta yi gum, tana ji ana zagin yaron mutane safe da yamma, tsoro ya ɗaure mata baki. Gaskiya ba ta kyauta ba, kuma ta sani.

A rana ta goma Mama ta same ta tana kuka a bakin gado, ta zaci kukan soyayya ne.

"Ki share hawayenki, wanda ya mai da ubanki abin dariya ba miji ba ne. Kin ma san inda ubanki ya samo ƙafar nan? Kina shekara biyu kika kuɓuce mini kika faɗa titi. Shi ya yi tsalle ya ture ki, babur ya bi ta kansa. Ya hana a gaya miki, wai kada ki taso da nauyi a zuciya."

Auta ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah, Mama! Ni ce! Wallahi ni ce!"

Da rarrafe ta isa gaban Baba, ta ajiye wayar a kusa da ƙafarsa bidiyon na tafiya. Ta faɗi komai, har ƙaryar tsohon layi ba ta rage ba. Baba ya daɗe yana kallon bayansa a cikin wayar.

"Ashe haka nake tafiya," ya ce a hankali. "Da kin tambaye ni, Auta, da na taka miki har sau goma. Sata kika yi, shi ya sa ta yi ciwo."

"Ka yafe mini, Baba, don Allah—"

"Na yafe. Amma akwai wanda na ci wa mutunci a gaban abokan aikinsa alhali ba shi da laifi. Kira mini shi."

Da la'asar Dogo ya zo, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Baba bai jira shi a kujera ba, da kansa ya taka har bakin ƙofa ya kama hannunsa.

"Me ya hana ka ce ita ce?"

"Baba, da na faɗa, a gaban mutane za ta ji kunya. Gara ni."

Baba ya juya ya dubi Mama, idonsa ya kawo ruwa. "Kin ji ko? Na je duba sana'a, ashe hali zan gano. Yaro, ka turo manyanka ranar Juma'a." Sannan ya ƙara da cewa, "Taronku na gaba ma zan zo. A inda na kore ka, a nan zan wanke ka."

Haka kuwa aka yi. Ranar taron Baba ya tsaya a gaban samarin nan ya ba Dogo haƙuri, Auta na gefensa kanta a ƙasa, ta buɗe baki ta ce ita ta ɗauki bidiyon.

To 'yan uwa masu ɗaukar hoto da zane, jikin mutum ba kayan aiki ba ne da za a ɗauka ba sallama, ku tambaya tukuna. Ku kuma 'yan mata, kada tsoro ya sa ku bar mai ƙaunarku ɗauke da laifinku. Haƙurin Dogo ya ba shi mata. Auta kuwa ta samu mijin da take so, amma ta daɗe ba ta iya haɗa ido da mahaifinta ba.