Layin da Habeeb Ya Goge

Ana dab da magariba Habeeb ya tsallako daga Fagge zuwa shagonsa da ke saman wani bene a Sabon Gari. Aikin minti goma ne ya kawo shi. Zai ɗora shafin intanet na Madam Obiageli mai sayar da tangaran, don gobe za ta nuna wa dillalanta.

Habeeb gwani ne, in daga bakinsa ka ji. A gaskiya irin gwanayen nan ne da ke kwaso kod ɗin kwamfuta da wasu suka rubuta suka bayar kyauta, su liƙa a nasu. Ba laifi ba ne, kowa haka yake yi. Sharaɗin sana'ar ɗaya ne: ka bar sunan mai abu a saman fayil.

Wannan karon wani ɗan guntun kod mai juya hotuna ya tsinto a wani tsohon dandalin intanet da aka shekara shida ba a yi rubutu a ciki ba. Layin farko ya ce: "Na Zacchaeus Dogara ne. Ɗauki kyauta, amma bar mini sunana."

Da safe Madam ta ga farantanta suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Oga, kai ka yi wannan da hannunka?"

"Madam, kwana uku ban runtsa ba."

Tana fita ya goge layin, ya sa nasa.

Yanzu ga shi ya hau matakala, tsakanin fastocin 'yan takara da suka fara ɓarewa. Ƙaurin kifin da ake soyawa a ƙasa ya biyo shi. Ya buɗe kwamfutar. Hotuna na juyawa lafiya lau. Amma a ƙasan shafin, inda ya rubuta "Habeeb Olalekan ne ya tsara", saura "ne ya tsara".

Ya fara zargin Ifeanyi, mai gyaran wayar da ke shagon gefe, wanda ya daɗe yana leƙen aikinsa. Ya leƙa. Kwaɗo a ƙofa. Ya zare modem ɗin intanet, ko wani ne ya shigo masa ta waje. Ya sake buga sunan.

Haruffan suka fara gogewa daga ƙarshe. Ɗaya. Ɗaya. Yana kallon maɓallin gogewa yana nitsewa, ba yatsa a kai.

Janaretan maƙwabta ya mutu. Ƙaurin kifi ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka tono daga zurfi.

Ya kira Madam.

"Wa ke magana?"

"Habeeb ne."

"Wa? Ban ji komai ba wajen sunan."

"Mai yi miki shafi."

"Ni ban ba kowa aiki ba. Ku 'yan damfara ba kwa gajiya?"

Ya ce a ransa matar nan ta samu wani ne, take masa wasa da hankali. Sai ya kira gida.

"Alhaja, ni ne."

"Kai wa?"

"Ɗanki."

 Yana jin ƙarar butar uwar tasa. "'Ya'yana biyu ne, Moshood yana gabana, Kaosarat tana kicin. Bawan Allah, duba lambar da kyau."

Ta kashe.

A bayansa, kujerar robar da baƙi ke zama ta yi ƙara, kamar an zauna.

Bai juya ba. A baƙin gefen gilashin kwamfutar yana ganin kujerar, yana ganin ƙofa. Fuskarsa ce ba ya gani.

"Abu ɗaya na roƙa," in ji wata murya, can ƙasa.

"Zan mayar. Wallahi zan mayar."

"To mayar."

Ya ɗora yatsu. Sunan ya ɓace masa. Bai taɓa karanta shi da kyau ba.

Sai ya tuna tun safe bai rufe fayil ɗin ba. Ya danna maɓallan da ke janye gyara. Gyaran launi ya koma. Ya sake dannawa. Gyaran girman hoto.

Batir ya nuna ja.

Kujerar ta matso.

Ya danna. Ya danna. Numfashi mai sanyi a ƙeyarsa.

Ya so ya ambaci sunansa ko zai ji ƙarfi. Babu.

Ya danna.

Zacchaeus Dogara.

Ya adana. Kwamfutar ta mutu.

Matakala huɗu huɗu ya riƙa tsallakewa, takalmi ɗaya a ƙafa. Mai soya kifi ta ɗago kai ta ce, "Habeeb, wa ya koro ka?" Ya tsaya yana haki, ya ce don Allah ta sake faɗa.

Washegari da kansa ya gaya wa Madam ba shi ya rubuta abin juya hotunan ba. Ta ce ita farantanta su juya kawai.

Har yau in Alhaja za ta kira shi, sai ta ce, "Moshood, a'a, Kaosarat, a'a…" Duk uwa mai 'ya'ya haka take yi. Amma Habeeb ba ya numfashi sai ta iso kansa.