Kiran Mota Daga Bakin Hidaya

Yammacin damina ne a Dogon Dutsi. Hadari ya haɗu ta gabas amma bai sauka ba, iska ta tsaya cak, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. A gidan Abdulmajid kowa yana kan abin da ya saba. Matarsa Ummulkhairi tana tuƙa tuwo, mahaifiyarsa Inna Zalihatu tana zaune bisa tabarma tana tsinke zogale, ɗiyarsa Hidaya kuma, wadda ta fara zama budurwa, tana kwashe shanya daga igiya. Shi yana cikin ƙaramin ɗakin da ya gina a kusurwar gida, inda dā tushen wani tsohon rumbu yake, ya tasa ordinatar, wato kwamfutarsa, a gaba.

Aikinsa ba kowa ya gane shi ba a unguwar. Wata ƙungiya ce a Yamai ta ɗauke shi ya kula mata da hanyar da ungozomomin ƙauye suke kiran mota idan haihuwa ta zo da gardama. Ungozoma a Dumega ko Dogon Kiriya za ta danna wayarta, saƙon ya tafi wasu manyan na'urori da ƙungiyar ta yi haya a wata ƙasa. A can an raba aikin cikin kwantenoni, kowacce da abin da take yi: wata tana ajiye sunan mai naƙuda, wata tana kaɗa wayar direba. A gabansu duka akwai ƙofa guda, masu sana'ar suna ce mata ingires, ita take karɓar duk saƙon da ya shigo ta nuna masa kwantenar da zai nufa. In Inna ta tambaye shi, cewa yake yi shi mai gadin zaure ne, sai dai zauren ba a ganinsa.

Ana gab da kiran magariba Sallau ya bugo, direban motar ɗaukar marasa lafiya.

"Abdulmajid, lahiya kuwa? Ungozomar Dumega ta kira ni tana faɗa, wai tun la'asar ta turo. Ni ban ga komi ba."

Abdulmajid ya ce zai duba. Bai rufe baki ba dutse ya faɗo bisa kwanon ɗakin, da ƙarfin da ya sa ya dafe kai. Wani ya biyo baya. Ya fito da gudu yana zaton yaran maƙwabta ne, ya leƙa bayan katanga, ya tarar da lungun fayau. Da ya dawo tsakar gida, Hidaya tana tsaye da zane a hannu, ta ƙura wa ƙofar ɗakinsa ido, ba ta ƙiftawa.

"Hidaya?"

Ta juyo a hankali, kamar wadda aka tasa daga barci, ta ce ba komai.

Kwanakin da suka biyo baya duk haka suka zo. Da rana aiki yana tafiya lafiya lau. Rana na yin ja, sai saƙonni su fara ɓata. Abdulmajid ya bi hanyar tun daga farko, kamar mai bin sawun dabbar da ta ɓace. Sunan adireshin yana nuna ƙofar da ta dace. Shaidar tsaro ba ta ƙare ba. Dokokin da ya rubuta na rabon hanya suna nan yadda ya bar su, ko harafi bai goce ba. Kwantenar da take kaɗa wayar direbobi tana raye, tana amsawa in ya taɓa ta kai tsaye. Ya kashe ƙofar ya tayar da sabuwa. Ya mayar da komai yadda yake kafin damina. Abokan aikinsa na Yamai suka duba tare da shi, suka ce su ba su ga aibu ba.

Da a ce ƙofar tana ƙin saƙon ne, da ya ji sauƙi, don ya san maganin wannan. Amma ba ta ƙi. Takan karɓa, ta miƙa shi ga wani adireshi da babu kwantenar da take ɗauke da shi, wanda bai taɓa rubutawa ba, kuma daga can a amso cewa an karɓa. Ungozoma ta ga alamar saƙonta ya isa, ta zauna tana jiran mota.

A gida kuwa jifa ba ta fasa ba. Duwatsun ƙanana ne, jajaye, kuma in an ɗauka akan ji su da ɗumi. Ummulkhairi ta daina barin kwanuka a waje. Inna ta ce ta ji ana nishi a bayan ɗakin aikin, irin nishin da duk macen da ta haihu ta sani. Abdulmajid ya ce mata kyanwa ce. Mutum ne mai zuwa karatu masallacin matasa, ba ya son zancen iskoki a gidansa, kuma ya sha hana Inna turaren da takan yi. Ta dube shi kawai ta ci gaba da lazimi.

Ran nan, bayan an idar da sallar magariba, suna zaune za su ci tuwo, Hidaya ta ajiye hannu a cikin kwano ta bar shi. Bayanta ya miƙe. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wata babbar mace ce mai haki.

"Ku turo mota Dumega. Jini ya ƙi tsayawa. Ku turo mota."

Ummulkhairi ta saki salati ta rungume ta. Yarinyar ba ta ko motsa ba. Muryar ta sauya, ta koma ta wata, siririya, mai sauri: "Dogon Kiriya, bayan kasuwa. Hannu ya riga hitowa."

Abdulmajid ya san tsarin waɗannan kalmomi, haka ungozomomi suke turo su. Ya ɗauki waya ya kira Sallau, ya faɗa masa wuraren biyu.

"Ya gyaru ke nan?" in ji Sallau.

"Kai dai tahi."

Sallau ya tafi, ya kuma tarar da matan kamar yadda aka faɗa.

Daga ranar gidan ya zama wani abu dabam. Abdulmajid ya sa aka sanar da ungozomomi su riƙa kiran direba da baki, amma a ƙauyuka da yawa rezo, wato layin waya, ba ya ɗaukar murya, rubutu kawai yake iya tsallakawa. Don haka duk yamma sai ya zauna gaban ɗiyarsa da waya a hannu, yana jiran abin da zai fito daga bakinta. Ya tsani kansa a kan wannan zama. Hidaya ta rame, idanunta suka faɗa, ta bar zuwa lakwal, wato makarantar boko. In abin ya sake ta, takan yi kuka ta ce cikinta ke ciwo, kamar ana murɗa shi. Wani lokaci muryoyin sukan hau kan juna har ba a gane ko kalma ɗaya, ya yi ta cewa, "Ina ne? Wane gari?" ba mai ba shi amsa. Ya karanta abin da ya sani na Alƙur'ani a kanta, ya tofa a ruwa ya ba ta. Ta sha, muryoyin suka ci gaba.

Wata yamma ya koma ɗakin aikin ya zauna, bai kunna komai ba. Na'urorin da suke wannan ɓarna suna can wata ƙasa da bai taɓa takawa ba. Ɗiyarsa tana nan bayan bango tana nishin wata. Ya rasa ta wane gefe zai kama. Inna ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"Abdu, ka yi naka, bai yi ba. Akwai Malam Tukur a Dogon Kiriya. Ba boka ba ne, ba shi yanka komi. Karatu ɗai shika yi."

Bai yi gardama ba. Washegari ya aika aka ɗauko shi.

Malam Tukur dattijo ne siriri, mai ƙaramar murya. Ya iso da la'asar, ya sha ruwa, ya saurari labarin duka bai katse ba. Da Abdulmajid ya fara yi masa bayanin ƙofa da kwantenoni, malam ya ɗaga hannu.

"Wannan ban san shi ba, ɗana, kuma ba ni yi maka ƙaryar na sani. Ku kawo yarinyar."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ummulkhairi ta riƙe kafaɗun Hidaya, Inna ta riƙe ƙafafu. Rana tana faɗuwa malam ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Dutse ya faɗo bisa kwano, wani ya faɗo kusa da gwiwarsa, bai duba ba. Can jikin Hidaya ya sandare, ta yi wata dariya marar daɗi, sai ga muryar tsohuwa, busasshiya, wadda ba su taɓa ji ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ke magana?"

"Wadda ta riga su zama gidan ga. Tun rumbu na tsaye nike nan. Sunka rushe shi, ban ce komi ba. Sunka yi gini bisa kaina, ban ce komi ba."

"To mi yarinya ta yi miki?"

Muryar ta yi ƙasa.

"Ubanta ya kawo min kukan mata cikin ɗaki. Kullum, kullum. Ni ma na taɓa durƙusawa, Malam, ban tashi da komi ba. Ba ni iya jin shi. Sai in tare shi in riƙe, ko shi yi shiru. Ba shi yi. In ya cika ni, in zuba ma yarinya."

Abdulmajid ya matso. "Ba kuka ba ne, kira ne. Mota suka nema. In kin riƙe, ba mai zuwa."

Idanun Hidaya suka juyo kansa, ba su san shi ba. "Ni mi na sani da mota?"

Malam ya ce, "Yanzu kin sani. Ki hita daga jikinta, ki saki abin da kinka riƙe."

"A ba ni baƙar akuya."

"Ba a zubar miki da jini a gidan ga."

"To a bar min yarinyar. Tana da sanyi, na saba da ita."

Malam ya koma karatu. Hidaya ta yi ƙara har maƙwabta suka leƙo ta katanga, Ummulkhairi tana kuka tana riƙe da ita. Abdulmajid yana durƙushe, ba abin da zai iya yi da hannuwansa, sai ya dafa ƙasa.

"Tsaya! Tsaya!" in ji muryar. "Ɗakin. Shi kwashe kayanshi, shi kai kukan wani wuri."

Malam ya dubi Abdulmajid. "Wannan kai ad da shi. Ba hakkinta ba ne, amma in ka ga za ka iya, ka sauƙaƙa ma ɗiyarka."

"Na kwashe. Yau ɗin nan."

"Kin ji. Ki yi alkawari da sunan wanda ya halicce ki ba ki komowa."

Ta yi alkawarin, tana jan kalmomin kamar suna mata nauyi. Sa'an nan ta ce, "Ga su nan na saki. Amma wasu sun huce."

Babban yatsan ƙafar Hidaya ya yi karkarwa a hannun Inna, ya tsaya. Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Inna, ƙishirwa." Daidai nan iska ta taso, ruwan da ya daɗe yana haɗuwa ya fara sauka.

Ba a jima ba wayar Abdulmajid ta ɗauki ƙara. Sallau ne.

"Mi ka faruwa? Wayata ta haukace! Kira bisa kira, wasu tun na kwanaki. Ina zan hwara?"

Abdulmajid ya ɗauko ordinatar daga ɗakin, ya zauna a zaure. Baƙon adireshin ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba, ƙofa tana miƙa kowane saƙo inda ya dace. Tsofaffin saƙonnin kuwa sun zubo gaba ɗaya. Ya ce wa Sallau ya dakata, shi zai bi su ya ji wanda har yanzu yake bukatar mota.

Ya fara kira. Wata ta ce an sauka lafiya, namiji. Wata ta ce sun gaji da jira sun ɗora ta a amalanke, Allah ya taimaka. Ya kai ga wani saƙo daga wata ruga a gefen Dumega, wanda bai taɓa jin sa a bakin Hidaya ba. Lambar da ungozoma ta saka ta mijin ce, Idris. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

Abdulmajid ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce game da kiran motar da aka yi wa matarsa ne.

Ana jin ruwa yana dukan bukka a can wajensu ma.

"Yanzu ya iso muku?" in ji mutumin.

"Yanzu ya iso."

"To," in ji Idris, ba tare da faɗa ba. "Mun gode. Ku bar motar, a kai ma wata."

Abdulmajid ya buɗe baki zai yi ta'aziyya, ya tarar an riga an kashe. Daga cikin gida yana jin Hidaya tana tambayar uwarta ko da sauran tuwo. Ya goge fuska da hannun riga, ya danna lamba ta gaba.