Sai Ƙamshi Ya Kai Zaure

Ƙamshin citta da kanumfari ne ya tsayar da Nazir a ƙofar gidan Malam Alƙasim a Galma, jim kaɗan da dawowarsa daga cin rani a Abijan. Ƙamshin ƙuruciyarsa ne sak: gaton citta, wato kek mai taushi da marigayiya Inna Rahinatu, matar Malam, take gasawa a tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, ta raba wa yaran unguwa.

Ya yi sallama, Aziza 'yar marigayiyar ta fito hannu duk gari. Ya roƙi gato ɗaya, ya gatsa, ya dafe kunci, ya tambaye ta ko gaba take da haƙoransa. Ta so yin dariya, sai idonta ya ciko. Ta ce kwaɓin na Inna ne, ga mazarƙwaila, ga man shanu, amma kullum sai ya fito kamar tsakuwa.

Nazir ya tuna abin da ita ba ta lura da shi ba, don tana gindin murhu, shi kuwa yana waje cikin masu jira. Inna ba ta buɗe tukunya. Malam ne ke zaune a zaure, da ƙamshi ya iso masa sai ya ɗaga murya: "Rahinatu, sabke!" Yanzu kuwa da an hura garwashi sai ya ɗauki sandarsa ya bar gidan, zuciyarsa ba ta iya ɗauka.

Tun daga ranar Nazir ya zama hancin gidan. Ya tsaya a ƙofa ya tura mata saƙo ta waya: "Cittata, ƙamshi ya kai zaure. Sabke."

Ta amsa: "Na sabke, Sarkin Kwaɗayi. Gato kaka so ko mai gato?"

Wani lokaci ya dace, amma sau da yawa zumuɗinsa yakan sa a sauke shi ɗanye.

Da magabatansa suka je neman aure, Malam ya ƙi. Ya ce ba zai ba ɗan cin rani 'yarsa ta tsufa tana jiran kiran waya ba, alhali ga Walid mai shago a Madawa, kullum yana nan. Aziza ta sha kuka, ta daina gashi. Nazir bai yi musu ba. Da lokacin tafiya ya zo, abokansa suka cika mota, shi kuwa ya karɓi garkar albasar kawunsa ya duƙufa.

Wata Juma'a kewa ta sa Aziza ta sake hura garwashi. Malam ya ɗauki sanda, sai ya tarar da Nazir a bakin zaure, ƙafa duk laka, ido a rufe yana shaƙar iska, yatsa a kan waya yana shirin dannawa.

"Dakata, yaro," in ji Malam. "Citta ce ka ji. Kanumfari bai taso ba."

Suka ci gaba da shaƙar iska su biyu. Can kanumfari ya taso, tsohon ya ɗaga murya: "Rahinatu..." Ya haɗiye sauran. "Aziza, sabke!"

Gaton ya narke wa Malam a baki. Ya daɗe yana kallon lakar ƙafar Nazir, sannan ya tambaya ko abokansa sun tafi. Nazir ya ce sun tafi.

"To shigo ka zamna, ka koya da kyau. Ni ba kullum za ni kasance nan ba."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Tsofaffin unguwa suka ci gato mai taushi, suka nema wa Rahinatu gafara, suka sa wa ango da amarya albarka. Har yau, in Aziza ta hura garwashi, tabarma biyu ake shimfiɗawa a zaure.