Bashin Leɓe

Ruwan Alau na bin Ajimi bashin leɓe, shi kuwa ko a jikinsa. Tun da rikici ya rufe hanyar Baga, cinikin kifi ya mutu, ya bar su ya koma ɗaukar ma'aikatan agaji a kwalekwalensa. Su kama giwan ruwa, su yi hoto, su ce a sake shi. Ajimi ba ya tsayawa zare ƙugiya, fizgewa yake har da leɓen, ya wurga kifin yana dariya.

Ran nan bayan magariba, yana sauri kada dokar hana fita ta riske shi, wata tsohuwa ta roƙe shi ya haye da ita. Zaninta sharkaf yake, sai ƙarni, in ta yi magana kuma iska ke fita ta gefen baki.

A tsakiyar ruwa kwalekwale ya tsaya cak. Ta sauke mayafi, ga haƙora a waje, babu leɓe.

"Iya, ai sakin ku nake yi! Ban ci ko ɗaya ba!"

"Wa ya ce cin ka za a yi, ɗan nan? Jikokina ke son ganin ka a ƙasa. In sun gama kallo, mu ma za mu sake ka."

Sai ya ji sanyin ƙarfe cikin kumatunsa, igiya ta fara ja.