Gilashin da Zouéra ta Ɓoye

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 2025, da ƙarfe tara da kwata na safe, aka zalunci Zouéra. A riƙe ranar da kyau, don abin da ya faru ba ƙarami ba ne.

Zouéra 'yar Djougou ce. Babanta fataucin shanu yake yi. Ita kuwa tana shekarar farko a wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a Parakou, tana karatun kiwon dabbobi. Yarinya ce mai kai. In ta ji abu sau ɗaya, ya zauna ke nan.

Zabiya ce, kuma idanunta ba su da ƙarfi. Ƙananan baƙaƙe sukan zame mata kamar tururuwa. Likita ya ba ta wani gilashi mai mariƙi, wanda ke ƙara wa rubutu girma. Ya kuma ba ta takarda ta kai wa malamanta. A ciki ya ce a zaunar da ita a gaba, a buga mata tambayoyi da manyan baƙaƙe, a ƙara mata lokaci.

Zouéra ba ta kai takardar ba. Tun tana ƙarama yara ke bin ta suna cewa, "Anasara! Anasara!" Ta gaji da kallo. Sai ta ninke takardar ta tura ƙasan akwati.

"Ba zan je ina roƙon tausayi ba," in ji ta.

Ranar jarrabawa ta zo. Dokar ɗakin ita ce, ba a aje komai a kan tebur sai biro da katin ɗalibi. Zouéra ta soke gilashinta cikin hannun riga. Da aka raba tambayoyi, ta kai takardar har bakin hanci, ba ta ga komai ba. Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta zaro gilashin a hankali, ta karanta layi ɗaya, ta mayar.

A karo na uku malamin da ke tsaro ya hango ta. Shi ne malamin darasin, kuma ba ya wasa da satar amsa.

"Ke, madmazel! Me kike zarowa daga hannun riga?"

Ɗalibai ɗari da ashirin suka juyo. Zouéra ta damƙe hannun rigar.

"Shiru ko? Ɓarauniya! Fita!"

Ya ƙwace takardarta, ya zana mata sifiri da jan biro. Ya ce zai kai ƙararta, kuma hukuncin mai satar amsa shi ne asarar shekara guda.

Zouéra ta hau zemijan, wato babur na haya, zuwa tasha tana kuka, ta shiga motar Djougou. Ba ta nufi gidansu ba. Wurin Gwaggo Hadjo ta sauka, yayar babanta, wadda ta yi shekara talatin da uku tana koyarwa a Sérou da Kolokondé kafin ta aje aiki.

Gwaggo tana tsinkar zogale. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ture tiren gefe.

"Ƙarfe nawa abin ya faru?"

"Tara da kwata, Gwaggo."

"Ya ga takardar satar da idonsa?"

"A'a."

"Ya kira ki gefe ya tambaye ki?"

"A'a, a gaban kowa ya yi."

"To, takardar likita fa? Wa kika ba?"

Zouéra ta sunkuyar da kai. "Tana cikin akwati."

"La ilaha illallahu! Akwatin ne zai rubuta jarrabawa? Ɗiyata, kin yi wauta. Wanda ya ɓoye ciwonsa ai ya ɓoye maganinsa. Amma wautarki ba ta wanke shi ba. Je ki wanke fuska ki ci tuwo. Gobe da sassafe sai Parakou."

Washegari suka biya ɗakin Zouéra suka ɗauko takardar, suka wuce ofishin shugabar sashe. Sunanta Madam Bilkissou. Ta ba su kujera, ta ba su ruwa. Ta kashe wayarta, ta saurare su ba ta katse su ba.

Da suka gama, ta buɗe kabad ta ɗauko takardun da aka cike ranar da Zouéra ta shiga makarantar. Ta daɗe tana dubawa.

"Maman, ga shi nan a rubuce tun watan Oktoba," ta ce wa Gwaggo. "An sa cewa tana da raunin gani. Wata huɗu ke nan, ba wanda ya karanta a cikinmu, har ni. Aikinmu ne mu nemi yarinyar mu tambaye ta abin da take bukata. Ba mu yi ba. Wannan laifinmu ne."

Gwaggo Hadjo ta zo da shirin faɗa. Jin haka sai ta gyara zama. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ba kowane babba ke iya faɗin haka ba. Yanzu a kira mini mai jan biron."

Malamin ya shigo da tabarau a fuska. Ya ji bayani, ya ɗaga kafaɗa.

"Doka doka ce, Hajiya. Ba a shiga da komai sai biro da kati."

"Haka ne, Malam. Ni ma na tsare jarrabawa tun ba a yaye ka ba. Don Allah cire tabaraunka."

Ya yi mamaki, amma ya cire. Gwaggo ta miƙa masa takardar likita.

"Karanta mini."

Ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa. Ya ƙifta ido. "Ba na gani sai da tabarau."

"To mayar. Yanzu da ka mayar, sata ka yi?"

Malamin ya karanta takardar daga sama har ƙasa. Ya dubi gilashin da Zouéra ta aje a kan tebur. Bai ƙara ambaton doka ba.

Madam Bilkissou ba ta tsaya nan ba. A ranar ta soke sifirin. Ta bi takardun ɗaliban sashen ɗaya bayan ɗaya, ta samo wasu uku: ɗaya ba ya ji sosai, biyu ba su iya hawan bene. Ta sa aka sauko da ajinsu ƙasa. Ta tara malamai ta ce kowa ya sanar a ajinsa cewa ƙofarsa a buɗe take ga mai wata lalura, ba tare da an kira sunan kowa ba.

Ranar Litinin Zouéra ta sake jarrabawa. Malamin da kansa ya je wurin masu fotokofi ya sa aka ƙara girman baƙaƙen. Ya zaunar da ita a gaba, nesa da hasken taga, ya ƙara mata rabin awa. Gilashinta yana kan tebur, kowa na gani. Ta sami sha shida bisa ashirin. Shekararta ta tsira.

Yara, ga darasin. Neman haƙƙinka ba bara ba ne, kada kunya ta hana ka faɗin abin da kake bukata. Malami kuma wajibinsa ne ya tambaya kafin ya yanke hukunci, ya kuma share wa kowane ɗalibi hanya gwargwadon halinsa.

Ranar da sakamako ya fito, malamin ya kira Zouéra ofishinsa. Ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Na yi miki ba daidai ba. Ki yi haƙuri. In akwai abin da ya rage, faɗi, na yi alkawari zan yi."

Gwaggo tana can Djougou, ba mai yi mata magana sai ita kanta. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Na gode, Malam, kuma na yafe. Amma ba a ofis ka kira ni ɓarauniya ba. A gaban mutum ɗari da ashirin ka faɗa, kuma har yau wasu na janye jakarsu in na zauna. Gobe ƙarfe takwas muna da darasinka. A gabansu nake so ka ba ni haƙuri."