Jakin Baba Labbo

"Mahadi, asirinmu ya tonu... Baba ya gane kansa."

Zuwaira ce ta faɗa tana haki a bakin shagonsa na zane a Gusau, idanunta cike da hawaye. Alƙalami ya suɓuce daga hannun Mahadi.

Shekara biyu ke nan yana zanen barkwanci a wata jaridar mako: wani dattijo mai karkatacciyar hula da giɓi, kullum jakinsa na yi masa wayo. A kasuwa ya hango fuskar ya ɗauka, tun bai san mai ita yana da 'ya a Bungudu ba, balle ya san 'yar za ta hana shi barci. Abin dariyar, duk Juma'a Zuwaira ke karanta wa mahaifinta Malam Labbo zanen, yana ƙyaƙyatawa yana cewa bai taɓa ganin wawa irin wannan ba. Bungudu kaf ta sani, kowa ya yi gum, sai wani Salisu da Zuwaira ta ƙi aura, shi ya kai tsegumi ana jibi za a zo neman aure.

"Ya ce ka zo yau," in ji ta. "In ya hana ni kai, ban san yadda zan yi ba."

"Share hawayenki, Zuzuna. Hannun da ya ɓata shi zai gyara."

Da la'asar Zuwaira tana laɓe bayan zauren gidansu. Mahadi ya durƙusa gaban Malam Labbo, tabaransa na zamewa saboda gumi.

"Kai ne kam maishe ni abin dariya?"

"Baba, wallahi ban san..."

"Hular tau ce, giɓin nau ne, ban musu ba. Amma shekara biyu jaki na kada ni, ko sau guda ban ci nasara ba? Kuma ka zo biɗar ɗiyata?"

Mahadi ya sunkuyar da kai.

"Tashi. Juma'a in gani. In jakin ga ya sake kada ni, kada in ƙara ganin ƙafarka."

Zuwaira ba ta iya cin tuwon kirki ba har Juma'a. Da jaridar ta iso, ta buɗe a gaban mahaifinta.

Ga dattijon nan bisa jaki, ya harɗe, hularsa ta miƙe tsaf. Jakin kuwa ya yi laƙwas, kunnuwa a ƙasa... sanye da tabaran Mahadi.

Malam Labbo ya yi dariya har da tari, Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Zuwaira," ya ce yana share ido, "ki aika ma jakin ga ya turo magabatanai. Amma ki lallaɓa shi, ɗiyata, ni na san wuyar sha'aninshi."

Ta rufe fuska da jaridar, cike da farin ciki.